Yatsan Baba

Ina 'yar shekara tara aka yi zaɓen kansila a ƙauyenmu, can bayan Ƙarfi. Babana ne shugaban ƙungiyar aikin gayya. Su suka bar masararsu a gona, suka kafa rumfar kara a gaban firamare don kada rana ta gasa tsofaffi a layi.

Da azahar na kai masa fura, na tarar rumfa ta cika maƙil, amma teburin malaman zaɓe wayam, ba akwati ba takarda. Har aka yi la'asar ba su zo ba. Sai ga wani a kan babur daga Malumfashi.

"Alhaji, me kuke jira? Ai an faɗi sakamako, har da ƙuri'un garinku."

Baba bai yi faɗa ba. Ya nuna mini babban yatsansa, ko ɗigon tawada babu.

"Duba, uwata. Ashe na dangwala ban sani ba."

Sannan ya ce a kwance rumfar a hankali, karan zai yi amfani.

Haƙurin nan nasa har yau yana ƙona mini rai. Da ni ce, wallahi ashana zan ƙyasta mata.