Hudar da Imurana Ya Toshe

Hudar ba ta fi bakin kwalba ba, tana can sama a jikin bango, kusa da ƙusar da Imurana ke rataye rigunansa. Ya gan ta ne wata safiya da aka ɗauke wuta, haske ya ratso ta cikinta daga ɗaya ɓangaren.

Bangon na allon filasta ne, farin nan mara nauyi. Shi ya raba ɗakin mahaifinsu da ke unguwar Nima gida biyu tun rigimar gado: rabi na Imurana, rabi na ƙanensa Jalilu tela, kowa da ƙofarsa. Ranar rabon Imurana ya rantse a gaban dattawan unguwa cewa in ƙafar Jalilu ta taka bakin ƙofarsa, bai yafe ba duniya da lahira. Tun daga nan ko gaisuwa babu, sai ƙarar keken ɗinki ta bango.

To, yanzu ya gane. Dama ya daɗe yana lura keken nan yakan tsaya haka kawai, shiru na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba. Ashe ba lalaci ba ne, leƙe ne! Munafukin yana dubawa ya ga ko ya mutu, ya gaje ɗakin gaba ɗaya. Ran Imurana ya ɓaci ƙwarai.

Ba wai zargin ba shi da tushe ba. Imurana na da ciwon suga, irin wanda kan yar da mutum ƙasa ba sallama. Ya sha faɗuwa shi kaɗai a ɗaki. Amma Allah Ya haɗa shi da Tani, bazawarar da ke sayar da koko a ƙofar gidan. Duk sa'ad da ya faɗi, kafin ka ce me, ga Tani ta ɗaga labule da kofin ruwan suga a hannu, tana haki. In ya tambaye ta yadda ta sani, sai ta kau da kai ta ce jikinta ne ya ba ta.

Imurana kuwa ya fassara wannan magana yadda ta yi masa daɗi. Macen da jikinta ke jin faɗuwarka daga bakin titi, ai ba sai an faɗa maka ba. Har ya fara rina gemu, yana sayen kokon da likita ya hana shi.

Tsohon mai fenti ne, don haka aikin bai gagare shi ba. Ya je unguwar Kawukudi ya samo guntun allo da farin garin liƙi. Ya yanke gefen hudar da wuƙa ta zama murabba'i, ya zura siririn katako ta baya ya ɗaure da sukurori, ya daidaita guntun a wurin. Ya kwaɓa garin ya shafe, ya bari ya bushe, ya goge da samfefa, ya ƙara shafawa. Da gangan yake bubbuga bangon don na can ya ji. Da ya bi da fenti, ko shi kansa sai da ya laluba kafin ya gane wurin.

Ya ja da baya ya ce da ƙarfi, "Mai jiran gado sai ya nemi wata tagar."

Keken ya tsaya. Ya daɗe bai tashi ba.

Washegari da hantsi abin ya zo masa. Zufa ta fara karyo masa, sai ga shi a ƙasa tsakanin gado da akwati. Bai ji tsoro ba ko kaɗan. Ya kafa wa labule ido, har da ɗan murmushi, yana jiran Tani.

Labule bai motsa ba. Yana jin muryarta a waje tana raha da masu sayen koko, tana dariya abinta. Ya yi ƙoƙarin kiranta, harshe ya ƙi. A nan ne fa tsoro ya shige shi sosai. Abin da ya ji na ƙarshe shi ne keken ɗinki yana tashi yana tsayawa, yana tashi yana tsayawa.

A wani ƙaramin asibiti a unguwar Maamobi ya farka, ruwa na shiga hannunsa. Gemunsa da rigarsa duk farin gari, ya ɗauka ragowar aikin jiya ne. Tani na zaune a gefe tana yi masa fifita da kwali. Ya dube ta da idon masoyi mai ƙorafi, ya ce mata yau kam jikin nata ya makara.

Tani ta ajiye kwalin.

"Malam Imurana, kai ma dai. Wane jiki? Ni ban taɓa jin komai ba. Jalilu ne ke leƙa ka ta hudar nan, in ya gan ka a ƙasa ya rugo wurina, tunda ka haramta masa ƙofarka. Yau da ya rasa inda zai leƙa, ya kuma ji ka yi shiru, da kafaɗa ya shigo ta bangon da ka gyara, ta nan kuma ya fito da kai a goye."