Shatin Yatsa a Jikin Tanki

Tun da kin ce hannunki ya ƙi barin aikin nan alhali kin san ya kammala, bari in ba ki misali da wani mai gyaran kwamfuta.

Wani mutum ne ya kawo masa aiki. Mutumin ya daɗe yana bin ƙauyuka yana naɗar waƙoƙin niƙa da na daɓe daga bakin tsofaffin mata, da yawansu kuma sun riga mu gidan gaskiya. Duk abin da ya naɗa yana cikin babbar kwamfutar da yake tace muryoyin da ita, bai kai ga kwafe su a wani wuri ba. Damuwarsa zafi. Da bazara ta kama sai fankokinta su yi ta gurnani, can sai ta ɗauke. Mai gyaran ya ce zai sa mata ruwa, ya riƙa zagayawa cikin siraran tiyo yana kwashe zafin. Tankunan kasuwa ba su shiga cikin akwatin kwamfutar ba, saboda haka ya ƙera nasa. Ya samo robar nan mai kauri mai kama da gilashi, ya yanka, ya kankare bakunan har suka yi sumul, ya haɗa su da gam. Ya huda ƙofofin tiyo, ya ɗaure su tam. Kafin ya bari tankin ya kusanci kwamfutar sai da ya cika shi, ya ɗora shi a kan farar takarda, ya bar shi ya kwana. Ya jijjiga shi, ya kifa shi, ya ajiye shi a rana. Ko ɗigo bai taɓa takardar ba. Kowa ya san shi da tsantseni, kuma a wannan aikin bai bar wata kafa ba.

Ranar da mai kaya ya zo karɓa, aka kunna kwamfutar. Ruwa na zagayawa shiru, ba gurnani. Don murna mai kaya ya sa muryar wata tsohuwa tana waƙar niƙa, har ana jin gugar dutsen a bayanta. Suna cikin saurare idon mai gyaran ya faɗa kan shatin yatsa, nasa, a gefen tankin, dab da inda ya ɗaure tiyo. Ya miƙa hannu ya ɗauko kwalbar sifirit da auduga.

"Malam, bar shi haka, ai ya yi," in ji mai kaya.

"Ranka ya daɗe, ba na ba da aiki da datti."

Sifirit shi ne abin da ya fi yarda da shi a shagon. Kullum da shi yake wanke kayan cikin kwamfuta, bai taɓa ba shi kunya ba. Abin da bai sani ba, irin wannan roba ba ta shan sifirit, musamman inda aka huda ta aka ɗaure. Ya goge sau ɗaya, shatin ya tafi, tankin ya yi ƙal. Sai suka ji ƙas. Suna kallo tsaga ta fito daga gindin tiyon, ta yi rassa kamar saƙar gizo-gizo, ta gangara har ƙasa. Kafin hannunsa ya kai ga makunni ruwan ya kwararo kan kayan wuta. Tartsatsi, ƙauri, muryar tsohuwar ta yanke a tsakiyar baiti.

 Mai gyaran na tsaye, audugar na hannunsa, bakinsa a buɗe. Mai kaya ya tsuguna yana kallon ruwan da ke ɗiga daga gefen tebur. Can ya ce, a hankali, "Sake kunna ta, Malam. Ba ta ƙarasa ba."

Ba ta sake kunnuwa ba. Ma'ajiyar muryoyin na daga ƙarƙashin tankin, ita ce ta fara ƙonewa, kuma duk inda aka kai ta an kasa fito da komai.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, garin neman gira an rasa ido.