Bencinan Manya

"Malama, jikana yana aji huɗu, amma rubutunsa kamar tonon kaji. Wai me kuke yi da su tun safe?"

Shugaban kwamitin makarantar ne ya jefa tambayar, yana zaune cikin sauran dattawa a inuwar dogon yaro. Malaman kuwa suna tsaye a rana, kamar yadda suka saba duk ranar zama. Shi a ganinsa, waɗannan da babura ke saukewa daga Gwandu da Kalgo, albashi kaɗai ke kawo su ƙauyen.

Malamar ta rusuna. "Baba, a ƙasa suke zama. A kan gwiwa suke ɗora littafi."

"To, bencinan da aka kawo bara fa?"

Idonta kawai ya sauka a kan abin da yake zaune a kai.

Sai ya tuna. Shi da bakinsa ya ce a kulle su a ofis kada yara su karya, a riƙa fito da su in manya sun zo. Ya shafa katakon. Sumul yake, ko ɗigon tawada babu.

Ya miƙe a hankali, ya naɗe hannun babbar rigarsa. "Ku tashi," ya ce wa dattawan. Ya kama gefen bencin, ya dubi malamar.

"'Yata, kama mini can. Wanne ne ajinki?"