Keken Shanu Zuwa Sansani

Sojojin Ingila na cinna wa gidan gonar su Aletta wuta a Transvaal, a Afirka ta Kudu, sai ta hango Wynand, saurayinta, sanye da kakinsu. Ashe ya bar 'yan uwansu mayaƙan Boer ya miƙa wuya ga Ingila.

Ya matso. "Aletta, don Allah ki aure ni yau. Ba sa kai matan ma'aikatansu sansanin da suke tsare iyalan Boer. Mutuwa ake yi a can."

Ta dubi mahaifiyarta a kan keken shanun da zai kai su sansanin, rungume da ƙanwarta mai zazzaɓi.

"Su Mama fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Na roƙa har na gaji. Ke kaɗai suka yarda."

Ta kalle shi, hawaye na zuba.

"Da a bakin daga ka mutu, Wynand, da ni taka ce har abada."

Ta tattare siket ɗinta, ta hau keken.