Kunnen Barewa

Tun da aka hana kashe namun daji, Sarkin Baka Cindo ya rataye bindigarsa. Yanzu da almakashi da gorar ƙanƙara yake shiga daji. Sai ya kama dabba, ya gutsuri kunnenta, ya sake ta, ya kai wa Likita Kuluwa guntun a ɗakin bincike.

Ran Laraba ya yi sallama.

"Likita, ya 'ya'yana suka kwana?"

Haka yake kiran ƙwayoyin halittar da take cirowa daga naman tana renonsu a faranti.

"Lafiya lau, Baba. Na watan jiya sun kama. Wasu sun zama ƙashi, wasu kitse, wasu guringuntsi."

"Madalla! Irin kirki ne."

Ta buɗe gorar, ta gwada abin da ya kawo.

"Baba, ai barewar nan ce dai. Karo na tara ke nan. Na wata daban muke buƙata."

Cindo ya yi murmushi, ya ɓare goro, ya miƙa mata rabi.

"Wata a ina, 'yata? Na zaga dajin kaf, ita kaɗai ta rage. Amma tana nan ƙalau, har ta yi ƙiba. Da ta ji takuna, ita ke miƙo kunnen."