Kwale-kwalen Marigayi Arzika

Tun da aka hana sare itace, aka daina sassaƙa kwale-kwalen tsere na mutum ɗaya. Yanzu zuba shi ake yi a masana'anta, siriri, ba nauyi, kuma yana haddace tuƙin mai shi. Hukuma ta ce ci gaba ne.

Sahabi ya sauke na wansa, marigayi Arzika, a rumfar Baba Gado da ke bakin ruwan Yauri. Har yanzu masassaƙi ake ce wa tsohon, ko da yake ya manta rabonsa da gizago. Jibi ne tsere, kuma Sahabi ba shi da wani jirgin.

"Baba, a goge masa haddar nan. Ina tsoma filafili sai ya karkata hagu, yadda Yaya ke yi tun da ya karye a kafaɗa. Jiya har inda ruwa ya ci shi ya kai ni."

"Na katako ya fi kunya," in ji Baba Gado. "Mai shi na mutuwa yake mantawa."

Ya ɗaga mazaunin jirgin ya leƙa ƙarƙashi, inda ma'ajiyar haddar take. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Ɗana, ai ni na goge shi da hannuna ranar sadakar uku. Innarku ce ta aiko. Fanko ne, babu kowa a ciki."

"To wa ke juya shi?"

"Ni jirgi nake gyarawa. Jibi ka zauna a gida."

Sahabi ya saɓa jirgin ya nufi ruwa. Sai da ya yi nisa ya lura yana lallaɓa kafaɗarsa ta hagu, wadda ba ta taɓa yi masa ciwo ba.