Buhun Geron Inna Hure

Aminiyata, ki karanta wannan ke kaɗai. Tun shekaranjiya nake riƙe da maganar, ko sallah na tayar sai ta faɗo mini a rai.

Kin san Inna Hure da muke haɗa katanga da ita, wadda bayanta ya ranƙwafa har ta koma sallah a zaune. To, tun da 'yarta Ramlat ta gama takaba a Ɗanbatta ta dawo gida da jaririyarta Tahira, gidan ya canza.

Da nishi aka fara. Kullum da hantsi, bayan maza sun tafi gona, sai a ji tsohuwa tana nishi, Ramlat kuma tana ba ta umarni da murya marar wasa. Matan da suka leƙa ta saman katanga suka ga Inna kwance rigingine a tabarma, tana ɗaga ƙugu sama tana matse ciki, ƙafafunta na rawa. Daga nan ta jawo gwiwa zuwa ƙirji. Daga nan ta dafa bango ta miƙe baya har idonta ya kawo ruwa.

Da aka tambaya, Ramlat ta ce motsa jiki ne da aka koya mata a asibiti, don tsofaffi masu ciwon baya. Amma ba wanda ya taɓa ganin ta kwanta ta gwada wa uwar. Tana zaune ne jingine da rumbu, cikin hijabi duk zafin nan, baki kawai take motsawa.

Sai buhun ya shigo. Wani ɗan ƙaramin buhu ne ta zuba gero a ciki, ta sa Inna ta ɗora a baya ta ɗaure da zani, ta riƙa zagaya tsakar gida da shi. Da Inna ta fara sabawa, sai buhun ya ƙara ciki. Kowane mako da abin da ake ƙarawa.

Kin san bakin unguwa. Aina'u matar mai shayi ce ta fara tuna wa mutane gonar Inna ta bakin rafi, wadda kowa ke kwaɗayinta. Ta ce ba sai da wuƙa ake ƙarasa tsoho ba. Wasu kuma suka lura Ramlat tana yawan zuwa Kano wai karɓo wa Inna magani, amma ta dawo hannu rabbana, ta shige ɗaki ta yini ba a ji motsinta ba. Aka fara cewa ba asibiti take zuwa ba, wurin wani malami ne.

Rannan Inna ta yi tuntuɓe da taɓarya ta kife da buhun a bayanta. Ramlat ba ta tashi ba. Ta dafa ƙasa kamar za ta miƙe, sai ta koma ta zauna.

"Tashi, Inna," ta ce. "Ba kullum za a samu mai ɗaga ki ba."

Tsohuwa ta yi rarrafe ta kama turmi, ta miƙe da kanta. Matan da ke bayan katanga duk sun ji wannan magana.

A ranar Aina'u ta buga wa Ja'afaru waya, yayan Ramlat da ke sayar da hatsi a Dawanau. Ya rantse ranar Juma'a zai zo ya fitar da ita da 'yarta daga gidan, ta tafi duk inda za ta. Inna da kanta ta ba shi haƙuri. Ta ce rabonta da ɗora goshi a ƙasa shekaru ke nan, amma yanzu tana sujada, tana kuma iya sunkuyawa ta ɗauki abu ba tare da ta kira kowa ba. Mutane suka ce tsoro ne ya sa ta faɗi haka.

Shekaranjiya bayan la'asar na shiga in yi wa Ramlat nasiha, in kuma gaya mata abin da ke tafe. Inna ta tafi barka. Na yi sallama ba a amsa ba, sai na ɗaga labule.

Ramlat na zaune a ƙasa babu hijabi. Kanta ba gashi ko ɗaya, hannuwanta kamar kara. Idonta a rufe, ta ɗora Tahira a kan cinyarta ta dama, buhun a kan ta hagu, tana aunawa. Can ta ɗebi gero cikin tafi ta ƙara a buhun, ta sake aunawa.

Da ta buɗe ido ta gan ni, ba ta firgita ba.

"Yaya, Tahira ta ƙara nauyi makon nan," ta ce. A nan ta zaunar da ni ta gaya mini komai.

Gobe Juma'a, kuma insha Allahu Ja'afaru zai same ni a bakin ƙofar gidan Inna, na tare masa hanya. Amma don girman Allah, aminiyata, ki bar wannan a cikinki. Inna Hure har yanzu tana zaton don bayanta ake yi. Ba ta san likitocin Kano sun gaya wa Ramlat da wuya ta ga lokacin kaka ba, kuma tun ranar Ramlat take gina bayan da zai goya Tahira.